Ƙafar Babana a Ƙarƙashin Buhunan Albasa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bagudo, iyayena kuma suna zaune a Illo, na yi wata 'yar ƙarya a waya wadda ba ta kai minti ɗaya ba. Har yau ban iya faɗa wa mahaifiyata ba. Ku da ba ku san fuskata ba, ku zan faɗa wa, don na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai.

Sai na fara gaya muku halina kafin ku gane. Ni mutum ne mai son a ce ya iya ciniki. Ko allura zan saya sai na taya, in juya baya kamar zan tafi, a kira ni. Malaman makarantarmu idan za su sayi rago ni suke turawa gaba, ni kuwa in yi ta hura hanci, ina jin babu wanda ya kai ni wayo tsakanin Bagudo da bakin iyaka. A wajen mahaifina na gaji wannan. Shi ɗan kasuwa ne na ƙafa, yana sayar wa Fulani kanwa da gishirin dabbobi da igiyoyi. Daga Illo ya ci kasuwar Lolo, ya tsallaka wajen Benin, ya dawo, duk a ƙasa. Ya iya Fulatanci, ya iya Dandanci, kuma ko da naira ko da sefa ba a cutarsa. Tun ina ƙarami yake zaunar da ni kusa da shi in ga yadda ake yi.

Ciwon suga ne ya kayar da shi. Wata ƙaya ta soke shi a fadama, ya ce ba komai ba ne, wurin ya ƙi warkewa, ƙarshe a asibiti aka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Aka ba shi sanduna biyu. Ranar Juma'ar farko da ya fita da su an yi ruwa, sanda ɗaya ta zame a ƙofar masallaci, ya faɗi cikin taɓo a gaban jama'a, mutum huɗu suka ɗago shi. Daga ranar bai sake leƙa waje ba. Shekara biyu yana zaune tsakanin ɗakinsa da zaure, yana sallah a zaune, yana jin kiran sallar Juma'a yana sunkuyar da kai.

Akwai wani takalmin fata da ya saya kafin ciwon. Na dama ya ci gaba da sawa, na hagu kuma ya sa a leda ya rataye a ƙusa. Sau da yawa Inna, wato mahaifiyata, takan ce ya bari a ba da su sadaka a huta da gani. Yakan ce ta bar masa abinsa.

Wani ɗan'uwan malamin makarantarmu ne ya ba ni labarin wani mutum a Kano da ke haɗa ƙafar roba, irin wadda idan an sa wando ba mai ganewa. Na gaya wa Baba. Bayan kwana uku ya aiko a kira ni, ya ce ya sayar da fadamarsa. Ita kaɗai ta rage masa, ita ce Inna ke samun shinkafar ci daga cikinta. Na ce ai da ya bari mun yi shawara. Ya ce ba kasuwa yake son komawa ba, ba gona ba.

"So nika in tsaya cikin sahu da ƙahwahuna, awa kowa," in ji shi. "Ko sau guda na."

Muka tafi Kano. Wannan tafiya ta wahalar da shi ƙwarai, don sai da muka yi kwana biyu kafin kumburin jikinsa ya saɓe a iya gwada shi. Mai haɗa ƙafar mutumin kirki ne, mai haƙuri. Ya naɗe dungun da filasta ya fitar da siffarsa, ya yi bayanin cewa aikin duka yana ga kofin da dungun zai zauna a ciki, in ya yi daidai mutum ya yi tafiya, in ya kuskure ko kaɗan sai ya ci nama. Muka zauna har aka yi gwajin farko, Baba ya miƙe yana riƙe da ƙarfe, ya yi taku uku. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na kau da kai. Aka ce sauran gyara da rufi, sai bayan mako biyu. A mota muna dawowa ya kafa mana sharaɗi, ni da Inna: kada kowa ya ji. Yana so mutanen Illo su ɗaga kai ranar Juma'a kawai su gan shi yana tafe.

Da mako biyu suka cika mai haɗa ƙafar ya kira ni ya ce ta kammala. Ya so Baba ya dawo a sa masa a can, na ce jikinsa ba zai ɗauki hanyar ba. Ya ce to ni in zo in ɗauka da hannuna. Na kawo masa uzurin jarrabawar yara, wanda gaskiya ne, amma ba shi ne dukan gaskiyar ba. Na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa ne na ga asara. Na ce ya kai tasha ya ba direban da ke zuwa Birnin Kebbi daga Kano, ai haka kowa yake yi. Bai so ba, amma ya yarda. Washegari da safe ya kira daga tasha, ya ce ga direba, mu daidaita, ya miƙa masa wayar.

Wanda bai saba aika saƙo ta tasha ba, ga yadda abin yake. Babu sikeli, babu takarda. Direba zai ɗaga kayan ya ji nauyi, sannan ya tambaye ka abin da ke ciki, kuma amsarka ce ke yanka kuɗin. In ka ce talabijin ce ko magani, kuɗi ya hau, ya sa maka a kujera ko a gefensa. In ka ce tsummoki ne, kuɗi ya sauka, ya jefa inda ya samu. Shi ya sa a wajenmu kusan kowa rage darajar kayansa yake yi, har ba a ɗaukar hakan ƙarya, ana ɗaukarsa wani ɓangare na ciniki. Na sha yi, na sha ci.

Direban ya ce, "Malam, mene ne a cikin buhun nan?"

Na ce, "Gwanjo na, tuhwahin yara."

Ya ce amma ya ji kamar da ɗan tauri. Na ce akwai takalma a ciki. Ya faɗi kuɗi, na rage, ya ƙara, na yi kamar zan ce a mayar wa mai shi, ya sallama. Abin da na rage bai fi a sayi kwanon shinkafa biyu ba. Na kashe waya ina murmushi, har na gaya wa kaina cewa ai sirrin Baba na rufe. Wallahi a lokacin na yarda da wannan dalilin.

Daga Birnin Kebbi zuwa Bagudo kuwa ban da damuwa, don abokina ne ke bin hanyar da motarsa. Tare muka tashi a Illo, tare muka yi makarantar allo, Inna ta sha zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Na kira shi na ce akwai saƙona da zai iso daga Kano, ya karɓar mini. Bai tambaye ni ko mene ne ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya iso Bagudo da la'asar, ana jajibirin kasuwar Lolo, mota ta yi lodi har ta durƙusa. Ina tsaye a tasha. Na ga an kwance igiya, an fara sauke buhunan albasa daga baya, ɗaya, biyu, har na daina ƙirgawa. Can ƙasa, a kan ƙarfen but ɗin motar, abokina ya jawo wani buhu da aka ɗinke baki, an rubuta lambar wayata a jiki. Kwalin da ke ciki ya lotse ta tsakiya.

Ya miƙo mini yana dariya, ya ce ashe na fara sana'ar gwanjo ban gaya masa ba. Direban Kano ne ya gaya masa haka da suke musayar kaya, shi ya sa ya shimfiɗa shi a ƙasa. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna, ya ce in gaida Baba da Inna.

A nan ya kamata in yanke ɗinkin in buɗe. Ban buɗe ba. A wajenmu ba a buɗe saƙo a gaban wanda ya kawo shi, balle wanda ya kawo maka kyauta, don kamar ka ce masa ɓarawo ne. Ga mutane cike da tasha, ga sharaɗin Baba. Sannan ga abin da ya fi duka, in na buɗe abokina zai ga ba gwanjo ba ne. Na rungumi buhun, na hau babur, na kama hanyar Illo ina ta addu'a, ina gaya wa kaina ai roba ce da ƙarfe, me zai same ta.

Na tarar Baba ya yi aski, ya sa farar riga. Inna ta yanka kaza. Takalmin hagu an sauko da shi daga ƙusa, an goge shi, yana ajiye kusa da ɗan'uwansa a bakin tabarma. Baba ya ce a rufe ƙofar zaure. Ya karɓi wuƙa da kansa ya yanke ɗinkin, ya zare kwalin. A jikin kwalin an rubuta da babban baƙi cewa abu ne mai fashewa, a kula, amma buhu ya rufe rubutun tun daga Kano. Ya ɗaga tsummokin da aka naɗe ƙafar da su.

Kofin ya tsage daga baki har ƙasa. Tsaga ɗaya ce doguwa, har kana hango haske ta ciki.

Inna ta yi salati ta zauna a ƙasa. Baba ya sunkuya. Ya ɗora ƙafar a cinyarsa, yana bin tsagar da babban yatsa, ya kai ƙasa ya dawo, ya kai ƙasa ya dawo. Can ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hakanan anka aiko ta?" Na ce ban sani ba, Baba. Ranar ba wanda ya taɓa kazar nan.

Da gari ya waye na fara kiraye-kirayen waya, ina kumfar baki kamar mai gaskiya. Mai haɗa ƙafar ya yi baƙin ciki sosai, amma ya ce shi lafiya ƙalau ta bar hannunsa, har ya turo mini hoton bidiyon da ya ɗauka yana naɗe ta. Ya ce ya rubuta gargaɗi a kwali, masu lodi ne suka ce damina ce sai an sa buhu, suka ɗinke. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa ya ce in zo da kaina. Na kira direban Kano, na fara ɗaga masa murya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi yadda aka ba shi haka ya miƙa, kuma bai san a hannun wa ta fashe ba, ko nasa ko na direba na biyu.

"Amma tsaya, Malam," in ji shi. "Ba kai ne ka ce mini gwanjo ba ne? Da ka ce ƙafar mutum ce, a kan cinyata zan ɗora ta."

Na kashe wayar. Ina tsaye a bayan gida, babu wanda ya ji.

Inna kuwa ta riga ta samu mai laifi. Na yi kuskuren faɗa mata cewa daga ƙarƙashin albasa aka ciro buhun, sai ta ce shi ke nan, yaron da ta ciyar da hannunta shi ya karya ƙafar mijinta. Ta aika aka kira kawuna, ƙanenta, mutum mai zafin kai. Baba ya ce a bar maganar, tunda ana zuwa tasha duk duniya ta ji. Ba wanda ya saurare shi. Kawu ya ɗauki ƙafar a buhu, ya sa ni gaba, sai ofishin shugaban tasha a Bagudo.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da benci biyu, direbobi da 'yan kamasho sun cika ƙofa suna leƙe. Aka kira abokina. Da kawu ya zazzage buhun ƙafar ta bayyana a kan tebur, na ga fuskar abokina ta canza. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya sake duban ƙafar. A nan ya gane komai.

Shugaban tashar dattijo ne da ya daɗe yana wannan shari'a. Ya tambaya ko akwai takardar da aka rubuta abin da ke ciki, aka ce babu. Ya tambaye ni ko na buɗe a gaban direba lokacin da na karɓa, na ce a'a. Ya ce to a ƙa'idarsu kayan da suka bar tasha a rufe ba a dawo da ƙararsu, don ba wanda zai rantse cewa ba a kan babur suka fashe ba, ko tun daga Kano. Kawu ya miƙe yana cewa wannan zalunci ne, mutum ya sayar da gonarsa, a ce ba mai biya. Dattijon ya ce ya zauna, saura tambaya ɗaya. Ya juya wajen abokina.

"Da anka ba ka kayan ga, mi anka ce maka ac ciki?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da kunyar duniya, a gaban kawuna, a gaban garin da nake koyar da 'ya'yansa.

"Ban tambaya ba, ranka shi daɗe," in ji shi.

Dattijon ya ce wannan shi ne laifinsa, direba ba ya ɗaukar abin da bai san ko mene ne ba, balle a hanyar iyaka. Ya ce biyan ƙafa bai hau kansa ba, amma an cire shi daga layi mako biyu, ba zai yi lodi a tashar ba. Mutum mai mata da 'ya'ya biyar, kuma motar ma ba tasa ba ce. Abokina ya ce ya ji, ya durƙusa ya ba kawu haƙuri. Ni ina zaune a benci, bakina a rufe. Na sha gaya wa kaina cewa na buɗe baki zan yi magana aka katse ni, amma ƙarya ce. Ban ko motsa ba.

Muka dawo gida babu ko sisi, kuma labari ya riga mu isa Illo. Na sake kiran mai haɗa ƙafar in ji ko tana gyaruwa. Ya ce kofi ba ya gyaruwa, sabo ake yi, kuma sai an sake kawo Baba an sake aune. Ya yi alkawarin sassauta mana, amma ko da sassaucin, fadama ɗaya ce kuma ta tafi. Na ce zan tara daga albashina. Baba ya tambaye ni wata nawa, na faɗa masa, ya yi ɗan murmushi ya ce Allah ya kai mu.

Bayan kwana kaɗan ya kira ni ya ce akwai mai liƙin jarkoki a kasuwar Lolo, tsohon saninsa, wanda ke narka roba da ƙarfe mai zafi ya toshe tsaga, har jarkar mai yana liƙewa ba ta zuba. In kai masa. Na ce mai haɗa ƙafar ya ja kunnena, ya ce mai ciwon suga ko ƙwayar yashi ta shiga kofin tana iya yi masa rauni. Baba ya ce ƙafarsa ce ko tawa? Da ni mai gaskiya ne da na tsaya na ƙi. Amma wanda ya san shi ya jawo abu ba ya iya musu, kuma a raina ina so ta gyaru ko ta halin ƙaƙa, don in samu in yi numfashi. Na kai. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya liƙe ta ciki da waje, ya goge da fayil, ya ƙi karɓar kuɗi. Na shafa cikin kofin da yatsa na ji ɗan tudu siriri yana bin tsawon tsagar. Na ce ai in an sa safa biyu ba zai ji ba.

Kwana biyar Baba yana koyon tafiya a tsakar gida, yana dafa bango, Inna na biye da shi da hannu a buɗe kamar mai bin yaro mai tatata. Tun da aka yanke ƙafar ban ji dariyarsa irin ta waɗannan kwanaki ba. In an tambaye shi ko tana yi masa ciwo sai ya ce ko kaɗan.

Ranar Juma'a ya sa babbar riga, ya sa takalman nan duka biyu. Ya ƙi sanduna, sai 'yar sandar hannu kawai. Muka fito, ina gefensa, ya hana ni riƙe shi. Daga gidanmu zuwa masallaci ba nisa, amma mun daɗe a hanya, don yana taku yana hutawa, mutane kuma suna ta tsayawa suna gaishe shi, wasu tsofaffi har da hawaye. Ya wuce daidai wurin da ya taɓa faɗuwa bai ko kalle shi ba. Aka ta da sallah, ya miƙe, kafaɗarsa tana gogar tawa. Ina jin yadda jikinsa ke rawa, ina jin numfashinsa. Ya yi raka'a biyun nan a tsaye, ruku'u da sujada da komai, sai dai wajen tasowa ya dafa gwiwata.

Da muka dawo gida ya ce in fita zai canza kaya. Ban fita ba. Na durƙusa na kwance masa ƙafar da kaina. Safa biyun sun jiƙe da jini, sun manne da nama. Tudun nan ya yanka shi tun kwanakin da yake koyon tafiya, yana wankewa a ɓoye yana mayar da safa.

Sauran labarin ba sai na ja shi ba. Raunin ya ƙi warkewa kamar na farko. Muka kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Abokina ya zo da mota har ƙofar gida zai ɗauke mu, Inna ta ce ko gawarta ba za ta shiga motarsa ba, ya juya ya tafi, muka ɗauki shatar wata. Likitoci suka ce sai an ƙara yankewa daga saman gwiwa. Aka yanke, jikin bai ɗauka ba.

Wata rana da hantsi, Inna ta fita wanke kwanuka, na matsa kusa da gadonsa na ce Baba akwai maganar da nake so in faɗa maka game da saƙon nan. Ya ɗaga hannu.

"Na tsaya cikin sahu ko ban tsaya ba?"

Na ce, "Ka tsaya, Baba."

"To bar ta nan."

Ban sani ba ko ya sani ne, ko gajiya ce kawai. Shi ya koya mini ciniki, ya san yadda ake aika saƙo, kuma bai taɓa tambayata nawa na biya direba ba, alhali mutum ne da ko goro ka sayo sai ya tambaye ka nawa. Bayan kwana huɗu ya rasu.

Na sha ganin ana muhawara a kan wa ya kamata ya biya idan kaya suka iso a lalace, mai aikowa ne, ko direba, ko tasha. Kowa yana kawo hujja mai kyau, ina karantawa ina wucewa. Ni na bi layin nan tun daga farko har ƙarshe. Mai haɗa ƙafar ya rubuta gargaɗi. Masu lodi ruwa suka kare. Direban Kano ya tambaya, an ba shi amsa. Abokina abin da aka gaya masa ya yi aiki da shi. Mai liƙi taimako ya yi. Duk wanda na je wajensa da fushina sai in tarar yana da gaskiyarsa, in wuce na gaba, har na zagayo na dawo inda na fara, wajen mutumin da ke tsaye a harabar makaranta da waya a kunne yana murmushi don ya rage kuɗin kwanon shinkafa biyu. Shi kuma ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya cire shi daga layi ko na kwana ɗaya. Har ta'aziyya aka yi ta yi masa, ana cewa ya yi wa ubansa ƙoƙari.

Mutane sukan ce lokaci yana rage irin wannan. Ni dai bai rage mini ba. Na daina taya kaya, abin da aka faɗa shi nake biya, malamai sun daina tura ni sayen rago, amma wannan bai mayar da komai ba. Takalman suna nan a ɗakin Inna. Na dama ya cinye har ya huje, na hagu kuwa sabo fil, ƙurar tsakar gida da ta Juma'a ɗaya ce kawai a ƙasansa. Ba na iya daɗewa a ɗakin.

Inna ta tsufa yanzu. Duk lokacin da abokina ya shigo Illo sai ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama ya gaishe ta, ita kuma har yau ba ta amsawa. Ya zo jana'iza, ya ɗauki makara, ta ce munafunci ne. Sau uku ina zama a gabanta da niyyar in faɗa mata, sai in ga yadda take dubana, ni kaɗai na rage mata namiji, in tashi in ce ruwa na zo sha.

Na taɓa samun abokina shi kaɗai a tasha na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari, ya wuce. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai canza mini fuska ba, kuma har gobe shi ke kai wa Inna saƙona daga Bagudo, ya ba maƙwabta su miƙa mata. Abu ɗaya ne kawai ya canza. Ko ƙullin magani na ba shi, ko 'yar ledar goro, ba ya karɓa kai tsaye. Sai ya tsaya, ya dube ni cikin ido, ya ce, "Malam, mi ac ciki?" In faɗa masa. Sannan ya kwance ƙullin a gabana ya duba.